An Riga An Yi Wannan Tambayar

Sunansa uku. A ofis da kuma dandalin intanet Alƙali ake ce masa, matarsa tana kiransa Baban Biyu, mahaifiyarsa kuwa har gobe Auta take ce masa, duk da furfura ta cinye masa rabin gemu. Wannan na ukun shi ne yake cikin haɗari. Inna ta tsufa, mantuwa ta shige ta, kuma likita ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye cewa mutane za su riƙa zubewa daga kanta ɗaya bayan ɗaya. 'Yan'uwanta sun riga sun tafi, jikokinta sun bi su, surukarta ta koma "'yar nan mai kirki". Shi kaɗai ya rage wanda take kallo ta gane.

"Ka riƙa zama da ita, ka riƙa amsa mata," in ji likita. "Muddin tana ganinka tana jin ka, za ta daɗe tana riƙe da kai."

Alƙali ya gyaɗa kai. Zama ba ya ba shi wahala, aikinsa ma na zama ne. Amsawar ce matsala, kuma sai an san ko shi wane ne kafin a gane dalili.

Manhajar kwamfuta yake rubutawa a wani kamfanin sayar da tikitin mota, a ɗaki mai taga ɗaya da fanka mai ƙugi. Babban aikinsa shi ne ya sa kwamfuta ta lura idan sunan fasinja ya shigo sau biyu, ta riƙe na farko ta watsar da na biyu. Ya ƙware a wannan har ba a jin kansa. Amma ba a nan zuciyarsa take ba. Zuciyarsa tana wani dandali inda masu rubuta manhaja daga ko'ina suke kawo matsalolinsu, wanda ya sani ya amsa, a ba shi maki.

Ya fara shiga dandalin tun yana sabon ɗauka. Wata rana aiki ya cije masa, shugabansa yana tsaye a kansa, sai ya buga da manyan baƙaƙe: DON ALLAH KU TAIMAKA BA YA AIKI. A ƙasa ya ƙara da cewa, "Manhajata ta ƙi, me zan yi?" Kafin shayinsa ya huce an yi masa caa. Wani ya ce, "Me ya ƙi aiki, fankar ɗakinku?" Wani ya ce su ba 'yan duba ba ne. Na uku ko magana bai yi ba, ya rufe tambayar yadda ba mai iya amsa ta, ya wuce. Ranar bawan Allah nan bai iya cin abinci ba. Ya sha alwashin ba za a sake yi masa dariya ba, ya zauna ya haddace dokokin tambaya kaf, kuma kowa ya san sabon tuba ya fi kowa zafi.

Dokokin nan, a faɗi gaskiya, ba su da laifi. Kafin ka tambaya ka bincika, wataƙila wani ya riga ka kuma an amsa masa. Kan tambayarka ya faɗi matsalar, ba halin da zuciyarka take ciki ba. Ka faɗi abin da kake tsammanin zai faru da abin da ya faru. Saƙon kuskuren da kwamfuta ta fitar ka kwafo shi yadda yake, kar ka ce "wani jan rubutu ya fito". Kod ɗinka, wato umarnin da ka rubuta wa kwamfuta, kar ka juye wa mutane shi gaba ɗaya, ka yi ta rage shi har ya zama ɗan guntun da kowa zai iya gwadawa ya ga matsalar da idonsa. Sannan ka faɗi me ka gwada. Wanda ya bi wannan sau da yawa tun kafin ya gama rubuta tambayar ya gano amsarsa. Da Alƙali ya bar dokokin a inda aka yi su domin su, da babu wanda zai ba da labarinsa.

Makinsa ya yi ta hawa har aka ba shi ikon rufe tambayoyin mutane. Abin nema ya samu. Yana cin abincin rana da hannu ɗaya yana rufewa da ɗayan. Kalmar da ya fi so ita ce, "An riga an yi wannan tambayar." A nan aka laƙa masa Alƙali, ba don yabo ba, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Daga nan abin ya biyo shi gida.

"Baban Biyu, ina mabuɗin ɗakin ajiya?" in ji matarsa wata safiya.

"Me kika gwada?"

"Na gwada aurenka, ga shi ina gani. Ina mabuɗin?"

"Kan tambayar ya yi kyau, amma ba ki faɗi inda kika duba ba."

Ta duba aljihun rigarsa da ke jikinsa ta zaro shi, ta tafi tana ƙwafa. Shi kuwa ya ce da kansa, ka gani, da ta bincika tun farko da ba ta ɓata wa kowa lokaci ba.

Tagwayensa mata su suka fi shan wahala, domin duk abin da ya dami ɗaya ya dami ɗayar. Babbar za ta ce, "Baba, yaushe za a saya mini takalmin makaranta?" Ya amsa mata da kyau. Ƙaramar ta matso da tata, ya ɗaga hannu.

"An riga an yi wannan tambayar. Ki duba amsar da aka ba 'yar'uwarki."

"Baba, ai ƙafata ta fi tata girma."

"To da sai ki sa wannan a kan tambayar."

Har maƙwabta ba su tsira ba. Motar maƙwabcinsa mai shagon fenti ta ƙi tashi, tsautsayi ya sa ya ce, "Alƙali, ko ka san me ke damunta?" Alƙali ya ce ba a kawo wa mutum mota sukutum a ce me ke damunta, sai an rage ta zuwa ɗan abin da zai nuna matsalar. Suka cire rediyo, ba ta tashi ba. Suka cire kujerun baya, suka cire na gaba, suka kwance ƙofofi suka jingina da katanga, yaran layi suka taru suna kallo. Sai da motar ta koma inji da sitiyari, mai fenti yana zaune a kan bokiti, sannan aka lura babu mai a tanki. Mai fenti ya yi mako yana mayar da ƙofofi, Alƙali kuwa ya yi wata yana ba da labarin a matsayin nasara. Ana cewa matambayi ba ya ɓata, amma wanda ya fara faɗin haka bai taɓa tsayar da Alƙali ya tambaye shi hanyar asibiti ba.

To wannan mutumin ne Allah ya haɗa da tambayar Inna.

Ɗakinta yana farkon shiga gida, kusa da ƙofa. Tana zama a kujerar roba gefen taga, da bargo a gwiwa ko ana zafi, tana kallon igiyar shanya. Da ta ji motsinsa sai fuskarta ta washe.

"Auta, ka ci abinci?"

"Na ci, Inna."

Ya ajiye jaka, ya cire takalmi ɗaya.

"Auta, ka ci abinci?"

"Na ci."

Kafin ya cire na biyu ta sake. Yana wanke hannu ta sake. Akwai ranar da loma tana bakinsa, yana taunawa a gabanta, ta leƙo fuskarsa cike da damuwa ta tambaye shi ko ya ci abinci. Yana son uwarsa, kar wani ya yi zaton ba ya son ta. Shi ke yanke mata farce, shi ke sanin lokacin maganinta. Amma duk sanda tambayar ta dawo sai ya ji wata jijiya a gefen wuyansa tana harbawa, yatsansa yana neman abin dannawa. Ya gwada dabaru. Ya koma cin abincin rana sau biyu, ɗaya a ofis ɗaya a gabanta, har wandunansa suka daina rufuwa. Ya koma yawo da farantin da ya cinye a hannu a matsayin hujja. Inna ta kalli farantin wayam ta tafa hannu.

"Wayyo, ba su zuba maka komai ba? Kai, 'yar nan, zo ki ba yaron nan abinci!"

Ranar da haƙurinsa ya ƙare, ya durƙusa a gabanta cikin ladabi ya ce, "Inna, an riga an yi wannan tambayar."

"Wa ya yi?"

"Ke kika yi."

"To me aka ce mini?"

"An ce na ci."

"Madalla," in ji Inna, ta shafa kansa. "Allah ya yi maka albarka. Ka ci abinci?"

Daga nan ya yanke shawarar abin da ya iya shi zai yi. Ya ɗauko tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, ya haɗa ta da 'yar lasifika, ya sa su cikin gwangwanin biskit da ya huda wa ramuka. Ya shiga banɗaki, inda babu hayaniya, ya naɗi muryarsa cikin taushi: "Na ci, Inna, na ƙoshi." Sai ya rubuta manhajar da za ta saurara, da ta ji tambayar ta saki muryar. Ya ɗora gwangwanin a bakin taga kusa da kujerarta.

Matarsa ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallon abin. "Baban Biyu, likita cewa ya yi kai za ka riƙa amsa mata."

"Ai muryata ce."

"Muryarka ce, amma gwangwanin biskit ne."

"Wannan ra'ayi ne, Maman Biyu, ba tambaya ba."

Sai dai gwangwanin ya ba shi kunya. Inna ta tambaya, ya amsa raɗau. Ta sake tambaya, ya yi gum. Ta sake, shiru. Sai an kashe wayar an kunna sannan ya amsa sau ɗaya, ya koma ya yi kunnen uwar shegu. Alƙali ya canza lasifika, ya canza waya, ya sake naɗar murya, ya sa tagwaye suna ta tambayar gwangwani ko ya ci abinci har muryarsu ta dishe. Ya karanta kod ɗin daga sama zuwa ƙasa, daga ƙasa zuwa sama, bai ga komai ba. A ƙarshe ya gane babu makawa sai ya kai kukansa dandali. Wanzami ba ya son jarfa. Tun tambayar nan ta farko bai sake tambayar kowa komai a can ba, kuma ya san akwai dubban mutanen da ya rufe wa baki suna nan suna jiran ranar.

Ya zauna a ofis, fanka tana ƙugi, gumi yana bin bayansa. Ya bincika dandalin ciki da bai, babu wanda ya taɓa kawo irin wannan. Ya rubuta kan tambaya: "Manhajar sauraron murya tana amsa jimla karon farko, ba ta amsawa idan an maimaita ta." Ya faɗi irin wayar da irin yaren kwamfutar da ya yi rubutun da shi. Ya faɗi abin da yake tsammani da abin da ke faruwa, ya bayyana cewa babu wani saƙon kuskure, ya jero duk abin da ya gwada. Ya rage kod ɗin, ya sake ragewa, har ya koma 'yan layukan da tafin hannu zai rufe. Akwai layi ɗaya a tsakiya da bai taɓa ba. Ko a ransa bai zo ba cewa ana iya cire shi, kamar yadda mai share ɗaki ba ya tunanin ɗage bango. Ya yi bisimilla ya aika.

Labari ya bazu cewa Alƙali ya yi tambaya. Mutane suka yi dafifi. Waɗanda ya taɓa rufewa suka bazama neman wata tsohuwar tambaya mai kama da ita don su rama, suka dawo hannu rabbana. Suka nemi kuskuren rubutu, babu. Haushi ya sa suka riƙa ba ta maki, tunda babu yadda za su yi. Amsar ta fito daga wani mai kiran kansa Kifin Rijiya, wanda Alƙali ya sha rufe wa tambayoyi tun yana koyo.

"Ranka ya daɗe," ya rubuta, "manhajarka lafiyarta ƙalau. Dubi layin tsakiya. Kai ka ce mata duk abin da ta taɓa ji, in ya sake zuwa ta watsar. Umarninka take bi. Cire shi."

Alƙali ya duba, kunya ta rufe shi. Layin nan daga manhajar tikiti ya kwafo shi, hannunsa ya saba sa shi a komai. Ya goge, ya gwada da bakinsa, gwangwani ya amsa, ya sake amsawa, ya yi ta amsawa ba gajiya.

Kifin Rijiya ya ƙara 'yar magana a ƙasa: "Amma ka tsallake doka ɗaya, wadda kai ka koya mini. Ba ka faɗi ainihin abin da kake so ka cimma ba. Wane ne yake maimaita maganar, kuma me yake nema?" Alƙali ya karɓi amsar farko ya ba ta maki. Ta biyun kuwa ya goge ta, da hujjar cewa ba ta shafi rubuta manhaja ba. Masu kula da dandalin suka ɗauki tambayarsa suka kafa ta a shafin sababbin shiga, a matsayin misalin yadda ake tambaya. Ya buga ta a takarda ya manna a bangon ofis.

Gida ya yi lafiya. Inna ta samu abokin hira. Alƙali ya ƙara wa gwangwanin amsoshi: idan ta ce "Ka dawo?" ya ce "Na dawo, Inna," idan ta ce "Ana sanyi a waje?" ya ce "Babu sanyi, Inna, ki kwantar da hankalinki." Tagwaye suka gano cewa wannan Baban ya fi sauƙin kai, suka riƙa zuwa wajensa neman izinin fita, su haɗa da tambayar ko ya ci abinci, ya ce ya ci ya ƙoshi, su ce ai ka ji Baba bai hana ba. Inna ta fara rufa wa gwangwanin gefen bargonta da yamma. Ta fara rage abincinta tana tura masa farantin. Shi kuwa Alƙali in ya dawo aiki sai ya bi ta gaban ƙofarta a hankali da takalmi a hannu, ya ji muryarsa tana fitowa daga ciki, mai taushi, mai haƙurin da shi bai taɓa yi ba, ya wuce ɗakinsa ya buɗe kwamfuta. Yana ganin ya sauke nauyi.

"Baban Biyu, rabonka da shiga ɗakin Inna tun yaushe?" matarsa ta tambaye shi.

"Kin bincika kafin ki tambaya?"

Ya yi zaton za ta yi tsaki kamar kullum. Ba ta yi ba. Ta dube shi kawai ta ci gaba da ninke kayan wanki, shi kuma ya ji wani iri, amma bai bi ta kai ba.

Wata Asabar da rana igiyar cajin wayar ta lalace, ya sayo sabuwa ya shiga ɗakin don ya canza. Inna tana kujerarta, rana ta faɗo a kan bargon. Ya tsugunna a gindin taga yana laluben soket. Sai ya ji ta jawo gwangwanin jikinta, ta rungume shi, ta rage murya.

"Auta, wane ne wannan mutumin? Ya shigo mana ko sallama babu."

Gwangwani ya yi shiru, domin ba a ba shi amsar wannan ba. Sabuwar tambaya ce fil, ba a taɓa yin ta a gidan ba, a fili take, babu abin da ta rage. Alƙali ya ɗago kai da igiya a hannu.

"Ni ne, Inna. Auta ne."

Ta kalle shi sama da ƙasa, cikin ladabin da ake yi wa baƙo. "Muryarku kam ta yi kama," ta ce. "Amma ga Autana nan." Ta shafa murfin gwangwanin. "Yaron kirki ne, ba ya gajiya da ni. In gyaran wuta ka zo yi, yi ka tafi, ɗana, kar ka tashe shi."

Ya matso da fuskarsa cikin haske. Ya cire hula. Ya nuna mata tabon da ke goshinsa, ya ambaci sunan mahaifinsa, ya faɗi gidan da aka haife shi. Inna ta saurara da haƙuri, tana gyaɗa kai, tana ƙara ƙanƙame gwangwanin. Da ya miƙa hannu zai karɓe shi ta yi wata ƙara da bai taɓa jin ta yi ba, har matarsa ta rugo daga kicin da ludayi a hannu. Ya janye hannunsa. Ya rasa wanda zai ɗora wa laifi, don shi ya huda gwangwanin da hannunsa.

Ya jira har ta huce ta mayar da shi bakin taga. Da hankalinta ya koma kan igiyar shanya, ya sa yatsa ta baya ya kashe wayar. Sai ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango daidai ƙarƙashin tagar, ya naɗe ƙafafu. Can Inna ta juya ga gwangwanin, fuskarta ta washe.

"Auta, ka ci abinci?"

Tun safe ko ruwa bai sha ba. Ya gyara murya, ya kwaikwayi taushin nan da ya naɗa a banɗaki, don kar ta ji bambanci.

"Na ci, Inna, na ƙoshi."

"Madalla," ta ce wa gwangwanin, ta gyara masa bargo.

Tun daga ranar ba a sake kunna wayar ba. A dandali an daina ganin Alƙali, har wasu suna tambayar ko lafiya, kuma babu wanda ya rufe musu tambayar. Da ya tashi aiki yake zuwa ya zauna a gindin tagar da kayan ofis a jikinsa, bayansa yana ciwo, ƙafarsa tana sagewa. Tana tambaya yana amsawa, ta sake ya sake, kuma in ta yi jinkiri gabansa faɗuwa yake yi har sai ta tambaya. Kowane karo yana ɗan ɗaga muryar kaɗan, yana ɗan matsowa cikin haske, ko Allah zai sa ta bi sautin ta sunkuyo ta ga daga inda yake fitowa. Har yanzu ba ta sunkuyo ba.